Tufa da Kwanciyar Hankali: Gudunmawar Auduga, Saƙa da Rinin Kano ga Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Fata ita ce gaɓa mafi faɗi a jikin ɗan Adam, kuma babu abin da ya fi tufa daɗewa manne da ita, domin daga zanen da ake naɗe jariri ranar haihuwa har zuwa likkafani, da wuya mutum ya yi sa'a guda ba tare da wani yadi yana gugar jikinsa ba. Wannan kusanci ne ya sa masu tsara tufafi da masana lafiyar ƙwaƙwalwa suka fara haɗa kai wajen ƙirƙiro abin da za a iya kira tufafin mariskai, wato riguna da barguna da matasai da ƙyallaye waɗanda tun daga zaɓen zarensu ake la'akari da yadda za su yi aiki a kan mariskan mutum, musamman taɓi da nauyi da ɗumi da ƙamshi da launi, don su rage fargaba, su sauƙaƙa barci, ko su taimaki wanda hankalinsa ya tashi ya samu natsuwa. Idan aka ƙara da sharaɗin ɗorewa, ana nufin a samar da su ta hanyar da ba za ta gurɓata ruwa da ƙasa ba, ba za ta tauye haƙƙin manomi da masaƙi ba, kuma kayan su yi ƙarko, su gyaru idan sun yage, su ruɓe su koma ƙasa idan sun ƙare.

Batun ya shafi Kano kai tsaye. A Gyaɗi-Gyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, a kan titin Zariya, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a 1988, kuma yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da na yara da na gashin ƙashi. A unguwannin da ke kewaye da shi, daga Court Road zuwa kasuwar Tarauni da Unguwa Uku da Hotoro, shagunan teloli ba sa ƙirguwa, sannan tafiyar 'yan kilomita kaɗan za ta kai mutum marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kantin Kwari. Ilimin jinya da ilimin tufa maƙwabtan juna ne a wannan yanki, abin da ya rage shi ne a zaunar da su a tabarma ɗaya.

Abin da fata ke gaya wa ƙwaƙwalwa

A 2021 aka ba David Julius da Ardem Patapoutian lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci saboda gano ƙananan kafofin da ke jikin jijiyoyi waɗanda ke mayar da zafi da sanyi da dannawa su zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke karantawa. Kafin nan, masu bincike a ƙasar Suwidin, irin su Ake Vallbo da Hakan Olausson, sun nuna cewa a fatar da gashi ke fitowa akwai wasu siraran jijiyoyi masu jinkirin kai saƙo, waɗanda aikinsu ya fi karkata ga sanar da ƙwaƙwalwa daɗin taɓi fiye da sanar da ita siffar abin da ya taɓa jiki. Wani bincike da aka buga a 2009 ya nuna cewa waɗannan jijiyoyi sun fi motsawa idan aka shafa fata a hankali, da saurin da bai gaza santimita 1 ba kuma bai wuce 10 ba a daƙiƙa guda, wanda kusan shi ne saurin hannun uwa idan tana lallashin ɗanta.

Masana halayyar ɗan Adam sun riga masana jijiyoyi lura da muhimmancin yadi. A 1953 likitan yara ɗan Ingila Donald Winnicott ya yi bayanin yadda ƙaramin yaro kan ƙwallafa rai a kan wani ƙyalle ko bargo, ya riƙa samun natsuwa da shi a lokacin da mahaifiyarsa ba ta kusa, shi ya sa wasu yara ke ƙin barci idan aka wanke ƙyallen ƙamshinsa ya canja. A 1958 kuma Harry Harlow na Amurka ya bayyana sakamakon gwajinsa a kan jariran birai, inda aka ba su zaɓi tsakanin uwar da aka ƙera da waya mai ba da madara da wadda aka lulluɓe da tattausan yadi, sai suka riƙa wuni maƙale da ta yadin, kuma wurinta suke gudu idan sun tsorata.

Bayan shafa a hankali, nau'i na biyu na taɓi shi ne dannawa mai nauyi wadda ta game jiki, irin wadda ake ji a runguma ko a ɗaurin zani. Temple Grandin, wata masaniyar dabbobi 'yar Amurka mai larurar otizim, wato yanayin da ake haihuwar mutum da shi wanda ke shafar mu'amalarsa da mutane da yadda yake jin ƙara da haske da taɓi, ta ƙera wa kanta na'urar matse jiki tun tana budurwa a shekarun 1960, bayan ta ga yadda shanu ke lafawa idan aka matse su a maƙalin da ake yi musu allura. Daga irin wannan tunani ne bargo mai nauyi da riga mai matsewa suka samo asali.

Hujja da iyakarta

Mafi shaharar gwajin da aka yi wa bargo mai nauyi shi ne na birnin Stockholm, wanda aka buga a 2020, inda aka raba majinyata 120 masu fama da rashin barci tare da ciwon damuwa ko fargaba ko makamantansu gida biyu, aka ba wasu bargon da aka ɗinke sarƙoƙin ƙarfe a cikinsa mai nauyin kilo 6 zuwa 8, wasu kuma aka ba su marar nauyi. Bayan makonni huɗu, kusan kashi 60 cikin 100 na masu bargo mai nauyi sun ce matsalar barcinsu ta ragu da aƙalla rabi, alhali a ɗaya rukunin kimanin kashi 5 ne kawai suka faɗi haka. Sai dai ma'aunin ya dogara ne a kan abin da majinyatan suka faɗa da bakinsu, kuma ba zai yiwu a ɓoye wa mutum cewa bargonsa na da nauyi ba. Wani gwajin da aka yi a Ingila, aka buga a 2014, a kan yara masu otizim, bai ga ƙarin tsawon barci ba da aka auna da na'ura, duk da cewa yaran da iyayensu sun fi son bargon mai nauyi.

Ma'anar wannan ita ce tufa mataimakiya ce, ba ta maye gurbin likita ko magani ko shawarar ƙwararru. Amma taimako mai araha yana da daraja a inda buƙata ta fi ƙarfin masu biyanta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana rayuwa da wata larurar ƙwaƙwalwa, a Nijeriya kuwa likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. A irin wannan hali, mafi yawan jinya a gida ake yin ta, a hannun uwa ko mata ko 'ya, kuma duk abin da zai sauƙaƙa daren mai jinya da majinyaci ya cancanci a dube shi da idon basira.

Gadon da ke hannu

Goyo shi ne misali mafi kusa. Uwa kan sunkuya ta ɗora jariri a gadon bayanta, ta ja zani ta rufe shi zuwa kafaɗa, ta soke a ƙirji, sannan ta kawo majanyi ta tallafe mazaunansa ta ɗaure tamau a ciki, ta yadda nauyinsa zai rarrabu, ƙirjinsa ya manne da bayanta, yana jin ɗuminta da ƙamshinta da rangajin tafiyarta. Dannawa da ɗumi da motsi duk sun haɗu a cikin yadi biyu. Wani bincike da Urs Hunziker da Ronald Barr suka buga a 1986 a Kanada ya nuna cewa jariran da aka ƙara wa lokacin ɗauka sun rage kuka da kashi 43 cikin 100 a mako na shida da haihuwa. Haka nan salon renon bakwaini da aka faro a birnin Bogota na Kolombiya a 1978, inda ake ɗaure jariri a ƙirjin uwa fata da fata, ya zama abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi nan take bayan haihuwa tun daga 2022, bayan wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe biyar, ciki har da Nijeriya.

Ta fuskar sana'a kuwa, Kano ta daɗe da sanin yadda ake sarrafa jikin yadi. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo birnin a 1851 ya tarar kayan saƙa da rini na Kano suna kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta darajar abin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Masanin tarihi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nuna a kundin digirinsa na 1975 yadda wannan masana'anta ta bunƙasa a garuruwan masarautar a ƙarni na 19, musamman a yankin Kura. Kowane mataki na aikin yana da tasiri a kan abin da fata za ta ji: mata su gurje auduga su raba ta da angurya, su shiɓe ta ta yi laushi, su kaɗa ta da mazari ta zama siririn zare ko abawa mai kauri, masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, a haɗa su a ɗinke su zama saƙi ko gwado ko luru. Zaren hannu ba ya zuwa daidai wa daida, wani wuri ya yi kauri wani ya sirance, kuma wannan 'yar gargada ce ke ba gwado irin jikin da yatsa ke son bi.

Bugu shi ne matakin da ya fi nuna gwanintar taɓi. 'Yan bugu kan zauna a jere gaban wani dogon kututturen itace mai santsi, su ninke yadi su shimfiɗa a kai, su riƙa sauke masa manyan gudumomin katako bi da bi, suna juya ninkin suna yayyafa ruwa, har zaren ya kwanta, ƙofofin saƙar su haɗe, fuskar yadin ta yi sumul tana ƙyalli. Da wannan dabara ake samar da turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, kuma da ita za a iya ba yadi ɗaya fuska biyu, ɗaya mai santsi ɗaya mai gargada, ba tare da an zuba masa wani sinadari ba.

Tsari don zafin Kano

Kuskure mafi sauƙi shi ne a kwaso samfurin ƙasashen sanyi a kawo shi yadda yake. A watan Afrilu zafin rana a Kano kan kusanci digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma a ɗakin da ba wuta ba fanka, bargo mai kilo 8 azaba zai zama. Saboda haka tsarin da ya dace shi ne wanda ke raba nauyi da ɗumi. Ana iya samun nauyi daga abawa mai kauri da aka saƙa da faɗin ido don iska ta ratsa, ko a taƙaita shi ga wani sashe na jiki, kamar matashin cinya ga ɗalibin da ba ya iya zama wuri ɗaya, ko mayafin kafaɗa ga wanda fargaba ke taso wa a cikin jama'a. Cikakken bargo kuma a bar shi sai lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da dare ke yin sanyi sosai. Cusa hatsi ko yashi don ƙara nauyi ba dabara ba ce, domin hatsi na jawo ƙwari kuma yana ruɓewa idan ya jiƙe, yashi kuma yana tsiyaya ta ɗinki. Audugar rimi, wadda aka daɗe ana cusa katifa da matashi da ita, ta dace da inda ake son laushi marar nauyi.

Zare ma abin dubawa ne. Yadin roba, wato wanda aka yi da poliyesta da danginsa daga man fetur, ba ya shan gumi, yana riƙe zafi, kuma a bushewar hunturu yana tara lantarkin da ke tsikarar fata, alhali auduga tana tsotse gumi ta bar jiki ya sha iska. Ga yaron da fatarsa ke da saurin jin abu, ƙananan abubuwan da wasu ba sa lura da su kan zama babbar fitina: tambarin kamfani a wuyan riga, ɗinkin da ya yi tudu daga ciki, bayan aikin surfani da ke kartar ƙirji, sitacin sabuwar shadda da ƙarar da take yi. Telan da aka yi wa bayani zai iya kwantar da ɗinki, ya mayar da shi waje, ya yi wa wuya shafi da tattausan yadi, kuma kuɗin hakan bai taka kara ya karya ba. Ga tsofaffi masu gigin tsufa, waɗanda hannuwansu ba sa zama, ana ɗinka wani ɗan ƙyallen cinya mai fuskoki iri-iri, da aljihu da igiya da maɓallin da aka ɗinke da ƙarfi, don hannu ya samu abin yi maimakon yagar tufafi ko cire robar ƙarin ruwa.

Ƙamshi da launi sun fi taɓi dogara ga al'ada da tarihin mutum. Turara tufafi a kan kabbasa sananniyar al'ada ce a gidajen Kano, kuma ƙamshin da mutum ya saba da shi tun yarinta kan tuna masa da gida idan yana kwance a asibiti, amma hayaƙin turaren wuta yana tayar da asma, don haka a waje ya kamata a turara, kuma da yardar mai kayan. Maganar cewa shuɗi na kwantar da hankalin kowa ba ta da hujja mai ƙarfi, abin da ya fi inganci shi ne a bar mai amfani ya zaɓa da kansa, domin taɓin da ke lallashin wani yana iya tayar da tsigar jikin wani.

Akwai kuma sharuɗɗan kariya da ba a sassautawa. Ba a rufa wa jariri bargo mai nauyi, haka duk wanda ba zai iya yaye shi da kansa ba, ko mai matsalar numfashi, kuma ba a naɗe mutum a ciki ko a yi amfani da shi don horo ko ɗaure majinyaci. An samu rasuwar yara a Kanada a 2008 da Amurka a 2022 sanadiyyar irin waɗannan barguna. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada nauyin ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin mai amfani.

Ɗorewa daga gona zuwa kwata

Rahoton gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya ƙiyasta cewa a kowace daƙiƙa ana binne ko ƙone tufafin da za su cika motar shara guda a duniya, kuma ƙasa da kashi 1 cikin 100 na kayan da aka yi tufafi da su ne ke komawa sababbin tufafi. Kano na ganin nata rabon a dilolin gwanjo na Ƙofar Wambai da tarin yadin roba da ke shigowa daga waje, yayin da masaƙun Kaduna da na Bompai da Sharaɗa da Chalawa, waɗanda suka ɗauki dubban ma'aikata a shekarun 1970 da 1980, akasarinsu suka rufe. Duk da haka tushen bai mutu ba: ana noman auduga da ruwan sama a Katsina da Zamfara da sassan Kano, Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a Zariya ta fitar da irin auduga da dama masu sunan SAMCOT, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da tsara yadi da fasahar saƙa.

Rinin gargajiya darasi ne a kan rashin almubazzaranci. A marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ana haɗa baba da toka da ruwa a cikin rami mai zurfi, a bar shi ya tsima na kwanaki, a riƙa tsoma yadi ana fitarwa ya sha iska, launin yana juyawa daga kore-kore zuwa shuɗi a gaban ido. Idan ruwan ya mutu, akan kwashe laka ta ƙasan ramin a busar a ƙone ta zama katsi, wanda ake sake zubawa a sabon haɗi, ake kuma yin laso da shi don shafe ramuka. Rinin zamani da ake yi a lunguna da soda da sauran sinadarai ya fi sauri, amma yana cin hannun marini, kuma ruwansa a kwata yake ƙarewa. Shi ma shuni yana da nasa aibin, domin yana zuba a jiki idan ba a ɗauraye shi sosai ba, kuma ba ya jure sinadarin da asibiti ke wanki da shi. Mafita ita ce a yi wa kayan riga ta farar auduga wadda za a cire a tafasa, a bar rinannen ɓangaren ga amfanin gida.

Guntayen yadin da teloli ke sharewa kowace yamma a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, waɗanda galibi a bola ko a wuta suke ƙarewa, su ne kaya mafi araha ga wannan aiki. Idan aka ware na auduga daga na roba, aka wanke, za a iya jera su hawa-hawa a ɗinke su zama matashin cinya mai nauyi, ko a haɗa atamfa da saƙi da karan-miski a ƙyalle ɗaya don tsofaffi.

Hannun da ke yi

Amfanin tufa ba ya tsaya ga mai sawa. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2013, wanda ya tattara amsoshin masu saƙar hannu fiye da 3,500, ya samu dangantaka tsakanin yawan saƙa da jin natsuwa, musamman ga masu yi a cikin rukuni, kodayake irin wannan bincike ba ya tabbatar da cewa saƙar ce sanadi. Nijeriya tana da tarihi a wannan fage, domin tun a 1954 Thomas Adeoye Lambo ya faro tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda majinyata ke zama tare da danginsu a cikin jama'a suna ci gaba da harkokin yau da kullum maimakon a kulle su. Kaɗi da ɗinkin hula da saƙar majanyi ayyuka ne masu maimaituwa da ake yi a zaune ana hira, kuma suna kawo ɗan abin masarufi, wanda shi kansa yana rage wani kaso na damuwar wanda ya fito daga jinya.

Abin da ake buƙata don wannan ya tabbata bai wuce ƙarfin birnin ba. Ma'aikatan lafiya su fayyace wa wa kayan suka dace da irin nauyin da ba shi da haɗari, masaƙa da marina da teloli su fitar da samfuri, masu jinya da iyalansu su gwada su faɗi abin da suka ji, masu bincike na jami'a kuma su auna sakamakon a yanayin zafin Kano, tunda gwaje-gwajen bargo mai nauyi da aka ambata a ƙasashen sanyi aka yi su. Idan awon ya nuna amfani, an samu kayan jinya da talaka zai iya saye, ya wanke, ya kai wa telan unguwa ya gyara. Idan kuma amfanin ya zama kaɗan, an dai samu tufafin auduga masu daɗin sawa, da kasuwa ga masaƙi da manomi, da raguwar shara a kwatocin Tarauni.